Harshen a hannun kurma, takardar a hannun mai ji

Ɗan ƙanwar mahaifiyata tela ne a Tudun Wada. Yana da shekara 3 sanƙarau ya kwantar da shi, a annobar nan ta 1996 da ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta yi ajalin fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma jin bai dawo ba. 'Yan kalmomin da ya fara kamawa, su "Inna" da "ruwa", suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yau magidanci ne da mata da 'ya'ya. Idan ka iske shi da la'asar a ƙofar shago cikin abokansa kurame, hannuwa na tashi, fuskoki na aiki, ana ta ƙyalƙyala dariya, za ka san ba shi ne ya rasa abokan hira ba. Mu 'yan'uwansa ne muka rasa ƙofar shiga.

Bara aka shirya wata bita ta kwana 3 a nan Zariya don koya wa ma'aikatan lafiya da malaman makaranta maganar hannu. Na samu gurbi, aka kuma ce in zo da shi. Malamin da aka ɗauko mai ji ne, mutumin kirki, da takardunsa na ilimin masu buƙata ta musamman. Ranar farko muka wuni muna lanƙwasa yatsu a kan haruffa, A zuwa Z. Rana ta biyu aka ba mu jerin kalmomi: uwa, uba, makaranta, asibiti, na gode. Yana faɗa da baki yana yi da hannu, mu kuma kawunanmu na duƙe muna rubutawa a littafi. Ɗan'uwana na zaune a kujerar baya, sai an so nuna mana "ga yadda suke yi" ake yafuto shi.

Da aka fita shan iska, wata nas ta tsaya gabansa tana harhaɗa masa sunanta harafi bayan harafi. Ta ɓata a na huɗu, ta koma farko. Ya yi murmushi, ya ɗaga tafinsa alamar ta dakata. Ya nuna ta, ya yi kamar yana rataya abin awon ƙirji a wuya. Ya nuna kansa, ya dafe ciki, ya yamutsa fuska. Sannan ya ɗan karkata kafaɗa, nan take ya zama shi ne nas ɗin, ya haɗe gira ya tambaya: ina ne? Tun yaushe? Ka yi amai? Ya sa ta maimaita, ya gyara mata inda hannun ya kauce, ya sake zama majinyaci ya ba ta amsa. Kafin a kira mu aji, mata biyar sun iya tambayoyin nan uku, suna kuma gane amsar. Bai taɓa harafi ko ɗaya ba.

Ranar rufe taro aka raba mana takardar shaida. Shi kuma aka ba shi kuɗin mota. Da na ba mahaifiyarsa labari sai ta ce, "To shi me ya hana a ba shi allin?" Na ce, "Inna, ba shi da takarda." Ta yi shiru, can ta ce, "Takardar yaren nasa?"

Amsar tambayar Inna doguwa ce, kuma sai an fara raba wasu ayyuka da muke cakuɗawa. Akwai tafinta, irin wanda ake gani a kusurwar talbijin lokacin labarai, wanda aikinsa ya tsaya tsakanin mai ji da kurma yana juya magana. Akwai malamin da ke koya wa yara kurame lissafi ko kimiyya, maganar hannu ita ce abin hawansa. Sai na uku, wanda harshen kansa shi ne darasinsa, kamar yadda malamin Larabci ke koyar da Larabci. Wannan na ukun shi ne uwa, don shi ke haifar da na farko da na biyu, shi ne kuma zai koyar da iyaye da nas-nas da 'yan sanda da alƙalai. A nan ne aka fi buƙatar kurma, a nan ne kuma aka fi barin sa a kujerar baya.

Wanda bai taɓa zama da kurame ba yakan ɗauka maganar hannu nune-nune ne, ko kuma Hausa ce ko Turanci aka mayar hannu. Ba haka ba ne. Tun 1960 wani malami a Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke Washinton, William Stokoe, ya nuna cewa kowace alama tana da gaɓoɓi kamar yadda kalma ke da baƙi da wasali: siffar da hannu ya ɗauka, inda aka ajiye shi, da irin motsin da ya yi. Masu nazari na baya suka ƙara inda tafi ya fuskanta da abin da fuska ke yi. Canza ɗaya, ma'ana ta canza, kamar dai "fari" da "fāri" a bakin Bahaushe. Nahawun kuwa rabinsa a fuska yake. Gira ita ke bambanta tambaya da labari. Mai magana yakan ajiye mutum a damansa, wani a hagunsa, daga nan inda hannu ya taso da inda ya nufa shi ke gaya maka wa ya ba wa, wa ya tambayi wa. Karkata kafaɗar da ɗan'uwana ya yi ya zama nas, ƙa'ida ce ta harshen, ba wasan kwaikwayo ba. Mai jin da ya koyi alamomi 500 daga littafi, yana jera su a kan tsarin jimlar Turanci yana magana da baki a lokaci guda, abin da yake yi ya yi kama da harshen, amma kama da wane ba ta wane. Kurame na gane shi da ƙyar, cikin haƙuri, yadda muke gane baƙon da ya haddace ƙamus bai taɓa shiga kasuwa ba.

Sai wata sarƙaƙiyar da ta shafe mu mu kaɗai: wane harshen za a koyar? Ƙungiyar kurame ta duniya na cewa harsunan hannu sun haura 300, kuma a ƙasar Hausa aƙalla biyu ne ke gogayya. Akwai maganar hannu ta gargajiya, wadda wasu ke ce wa maganar bebaye, da kurame suka gada daga kurame a kasuwanni da bakin masallatai da majalisun dare tun ba a san makarantar boko ba. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafi a kan wannan harshe a 2000, ta tabbatar cewa cikakken harshe ne mai tsarinsa. Wani abin da ya ba shi ƙarfi shi ne yawancin alamominsa ba baƙi ba ne ga Bahaushe mai ji, shi ya sa mai nama da mai kayan miya ke ciniki da kurma ba tare da tafinta ba.

Ɗaya harshen kuma na makaranta ne, tushensa Amurka. Wanda ya kawo shi, Andrew Foster, baƙar fata ne ɗan Alabama, kuma abin da ya kurumtar da ɗan'uwana shi ya kurumtar da shi: sanƙarau, yana da shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, a 1954. Ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a Afirka. Daga wannan zuriya harshen makarantun kurame na Najeriya ya fito, ya gauraya da alamomin gida, ya zama abin da kurma ɗan Zariya ke magana da kurma ɗan Inugu da shi. Yaran da suka je makarantar Tudun Maliki a Kano ko ta masu buƙata ta musamman a Kaduna da shi suke dawowa gida. Haruffan yatsunsa 26 ne, na Turanci, babu ɓ babu ɗ babu ƙ a cikinsu.

Na ga abin da wannan rabuwa ke haifarwa. Wasu matasan da suka yi makaranta na yi wa maganar hannu ta gargajiya kallon ƙauyanci, dattawan kuma na ganin yaran sun zo da wani abu mai yawan yatsu da ba ya taɓa zuciya. A ganina duk shirin horar da malamai da ya zaɓi ɗaya ya watsar da ɗaya ya yi kuskure. Na makaranta shi ne hanyar jarrabawa da jami'a da hulɗa da sauran ƙasa. Na gargajiya shi ne wanda uwa a Ƙofar Gayan za ta kama cikin mako biyu, shi ne kuma ke da kalmomin tuwo da biki da zumunci. Wanda zai iya riƙe su biyun, ya san inda kowanne ya dace, kusan kullum kurma ne. Ɗan'uwana da matarsa da harshen makaranta suke hira, da Inna kuma da na gida, yana sauyawa ba tare da ya lura ba.

Ba sabon abu ake nema ba idan an ce kurma ya riƙe alli. Makarantar kurame da aka buɗe a Hartford ta Amurka a 1817, wadda har yau tana nan, ginshiƙinta malami ne kurma daga Faransa, Laurent Clerc. A tsakiyar wancan ƙarni wajen 4 cikin kowane malamai 10 na makarantun kurame a Amurka kurame ne. Abin da ya rushe wannan shi ne taron da malaman kurame suka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, mahalartansa kusan dukansu masu ji, inda suka yanke cewa a bar hannu a koma koya wa yara furuci da karanta leɓe. Tunda kurma ba zai iya gyara wa yaro furuci ba, sai aka riƙa sallamar malamai kurame. Kafin 1920 ba su kai 2 cikin 10 ba. Aka yi zamanin da ake dukan hannun yaro ko a sa shi ya zauna a kansa. Sai a 2010, a Bankuba ta Kanada, wannan babban taro ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan, ya nuna nadama. Shekara 130 ke nan. Foster kuwa akasin Milan ya yi: duk inda ya buɗe makaranta sai ya zaɓi kurame masu hazaƙa ya horar da su, wasu ya nema musu hanya zuwa Gallaudet, suka dawo suka riƙe makarantu.

To me ya hana kuramenmu samun takardar? Matsalar tun daga zanin goyo take farawa. Sama da 9 cikin 10 na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa tunanin za su buƙaci maganar hannu ba. Shekaru 5 na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke shan harshe kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farko, su ne iyaye ke ƙarewa a yawon neman magani, daga asibiti zuwa mai rubutu zuwa mai ɗiga wani abu a kunne. Ba laifinsu ba ne, soyayya ce. Amma yaron na zaune ba Hausa ba hannu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya isa makaranta yana da shekara 9 ko 10 ba tare da wani harshe a kansa ba, an ɗora masa karatun Turanci, harshen da bai taɓa ji ba, ta bakin malamin da shi ma bai ƙware a hannu ba, yaya za a yi ya fito da kiredit? A manhajar Turanci ta sakandare har babi guda akwai na sautuka da inda ake danna murya a kalma.

Daga nan ƙofofin sai su riƙa rufewa da kansu. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya ita ce NCE. Shiga NCE na buƙatar kiredit ɗin sakandare da bi ta hukumar JAMB. Bayan an gama akwai rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, ita ma da tata jarrabawar. Wanda ya haye duk wannan ya shiga aji, idan ba tafinta, zai shekara 3 yana kallon bakin malami yana kwafar littafin na kusa da shi. Akwai kuramen da suka haye, Allah ya saka musu, wasu ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, wasu ta sassan ilimin musamman na jami'o'in Jos da Ibadan da Bayero, wasu ta Jami'ar Ilori mai cibiyar tallafa wa ɗalibai kurame. Sai dai a irin waɗannan kwasa-kwasai maganar hannu darasi ce guda cikin darussa masu yawa. Mutum na iya fitowa da kyakkyawan sakamako bai iya hirar minti 10 da kurma ba, don a takarda aka gwada shi. Ga yadda aka wayi gari: mai takardar bai da harshen, mai harshen bai da takardar, ɗalibin mai takardar kuma shi ne zai fito gobe ba harshe ba takarda.

A nan dole in faɗi abin da wasu abokaina kurame ba sa son ji. Kurumta kaɗai ba ta mai da mutum malami. Ni Bahaushe ne gaba da baya, amma in aka ba ni Bature aka ce in bayyana masa bambancin "ya zo" da "ya zo" mai ja, ko me ya sa muke cewa "da na zo" ba "da na zuwa" ba, zan tsaya ina susar ƙeya. Abin da ɗan'uwana ya yi wa nas-nas ɗin nan baiwa ce, amma baiwar minti 15 daban, riƙe aji wata 9 daban. Na taɓa roƙon sa ya koya wa 'ya'yana. Mako na farko ya yi armashi. A na uku ya rasa abin da zai biyo baya, ya koma nuna musu kaya a ɗaki yana ba su sunayensu, yaran suka gaji. Da suka tambaye shi me ya sa wannan alama ke zuwa kafin waccan, sai ya ce haka ake yi. Gaskiya ya faɗa, amma ba amsar malami ba ce. Shi ya sa maganar ba "a ba kurame aiki don tausayi" ba ce. Horo ake nema, mai tsauri, mai jarrabawar da ake iya faɗuwa.

Me za a koya musu? Na farko, su ga harshensu daga waje. Kurame da yawa an raine su a kan cewa abin da suke yi gurguwar Turanci ce, har wanda ya fi kowa iya zuba zance a majalisa, da ya tsaya gaban masu ji sai ya sauke fuskarsa ya koma jera kalmomi irin na littafi, wai shi ne daidai. Ranar da aka ɗauki hirarsa a bidiyo, aka rage gudunta, aka nuna masa cewa ɗaga girar nan ƙa'ida ce mai suna, ranar ake samun malami. Sai dabarun koyarwa: yadda ake tsara darasi daga sauƙi zuwa wuya, yadda ake fara aji da baƙi ba murya ba rubutu, me ya sa ake jera kujeru kamar jinjirin wata don kowa ya ga kowa, me ya sa malami ba ya ba taga baya, me ya sa ba ya rubutu a allo yana bayani a lokaci guda tunda ido ɗaya ne ke aikin biyu. Koyar da jariri da uwarsa daban yake da koyar da ɗalibin likitanci, shi ma daban da horar da tafintan da zai tsaya a kotu inda kuskuren alama ɗaya ke iya ɗaure mutum. Sai auna ɗalibi: a zaunar da shi gaban kyamara ya yi hira, kurame ƙwararru su ba shi maki. Sai kuma ƙarfafa musu karatu da rubutu na Turanci da Hausa, don malami ba ya rabuwa da takarda, amma a koyar da su a matsayin harshe na biyu, ta hanyar hannu.

Akwai fannin da na fi damuwa da shi, watakila don a Zariya na tashi, garin da kowane lungu ke da zauren karatu. Yaro kurma yakan bi sahu ya yi ruku'u ya yi sujada shekara da shekaru, bai san me ake cewa ba, ba wanda ya taɓa bayyana masa niyya ko abin da ke karya alwala. Na san ranar da ɗan'uwana, yana saurayi, ya fara samun wanda ya fassara masa ma'anar Fatiha da hannu, wani kurma ne da ya girme shi. Ya dawo gida idonsa jawur. Malaman Islamiyya ba su ƙi ba, hanya suka rasa. Haka abin yake ga 'yan'uwa Kirista a majami'un Wusasa da Sabon Gari. Kalmomin addini da na asibiti da na shari'a suna buƙatar a zauna a daidaita alamominsu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan masu ji suka ƙirƙira su a ofis, a ofis za su tsaya.

Wasu ƙasashe sun warware ƙullin takardar ba tare da sun rage darajarta ba. A Indiya gwamnati ta kafa cibiyar bincike da horo kan harshen hannu a Delhi a 2015, tana kuma da difloma ta shekara 2 ta koyar da harshen, wadda kurame kaɗai ke shiga, da takardar gama sakandare da ƙwarewa a harshen. A Yuganda tun 1995 tsarin mulki ya ambaci harshen hannu, Jami'ar Kyambogo na horar da tafintoci, cikin malamanta akwai Dakta Sam Lutalo-Kiingi, kurma mai digirin digirgir a nazarin harshen hannun ƙasarsa. Afirka ta Kudu ta mai da nata harshen hukuma na 12 a 2023. Abin lura a tsarin Indiya shi ne an sauya abin da ake tambaya a bakin ƙofa: harshen da za ka koyar shi ne babban sharaɗi.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta ce a sashe na 24 gwamnatoci su ɗauki malamai ƙwararru a harshen hannu, har da malaman da su kansu ke da lalurar. Dokar hana nuna bambanci ta 2018, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce harshen hannu ya shiga manhajar firamare da sakandare da manyan makarantu, asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa da marasa lafiya irin waɗannan, ma'aikatun gwamnati kuma su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ka ɗauki maganar manhaja kaɗai, ka ƙirga makarantun firamare da ke ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba. Wa zai koyar? Idan ba a horar da masu harshen ba, abin da za a yi shi ne irin bitarmu ta bara: kwana 3, A zuwa Z, takardar shaida, a ce an cika doka.

Shi ya sa nake ganin Zariya ce ta fi dacewa ta fara, kuma ba don son gida ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gyallesu, wadda ta faro a 1962 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, yanzu kuma aka ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi, sana'arta ke nan. Jami'ar Ahmadu Bello na da Cibiyar Ilimi da ta saba shirya difloma, ga sashen harsunan Afirka da masana nahawu. Asibitin koyarwa na Shika na ganin yaran da suka rasa ji da iyayensu tun ranar da aka gaya musu labarin, ranar da suka fi buƙatar ganin babban mutum kurma mai sana'a da iyali ya ce musu ga ta inda za ku fara. Cibiyar Malamai ta Ƙasa na nan Kaduna da tsarin karatu daga nesa, wanda zai dace da tela ko kafinta da ba zai rufe shago shekara 2 ba. Garin nan ma ya taɓa yin irin wannan aiki. A shekarun 1930, da Hukumar Talifi ta zauna a Zariya, Rupert East bai ce shi zai rubuta wa Hausawa littattafansu ba. Malamai masu harshen ya nema, irin su Abubakar Imam, aka haɗa iyawarsu da dabarun rubutu da ɗab'i, har aka kai ga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Yadda nake hango shi, a fara da rukuni ƙarami, mutum 15 ko 20, maza da mata. Matan ba ado ba ne a lissafin: uwa mai jego a cikin gida ba namiji ne zai shiga ya zauna da ita a tabarma ba, kuma kurame mata su ne aka fi ɓoyewa, aka fi cire wa rai da karatu. Zaɓen ya kasance ta hira da hannu, reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa na jihar Kaduna na cikin alƙalan, a sa dattawan da suka riƙe maganar hannu ta gargajiya ko da ba su taɓa shiga aji ba. Masana masu ji su koyar da abin da suka sani na nahawu da tsarin darasi, da tafinta a gefe, da niyyar cewa cikin waɗanda suka yaye ne za a samu masu horar da rukuni na gaba. Takardar kuma ta zama tsani: wadda hukuma ta sani, wadda za ta kai mai ita ga NCE da rajista, ba wadda za a rataye a bangon shago ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu, wato albashi. An sha horar da mutane a ƙasar nan a sallame su da jaka da hula. Idan ba a buɗe gurbi a ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya da asibitoci ba, da sunan malamin maganar hannu da matakin albashinsa, wanda aka horar zai koma kan keken ɗinkinsa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ɗan'uwana ya yi mini lissafin da yatsunsa: a makonnin kafin Sallah yana ɗinka kaftani 4 a rana, ga yaran shago biyu da ke ci a ƙarƙashinsa, ga kuɗin makarantar 'ya'yansa. Duk da haka ya ce in an buɗe zai shiga, in dai karatun Asabar da Lahadi ne, kuma ba a cikin azumi ba.

A yanzu dai ranar Alhamis bayan la'asar matarsa ke karɓar wasu mata uku a tsakar gidan Inna, kowacce da ɗanta kurma, ƙaraminsu bai cika shekara 2 ba. Ba allo, ba manhaja. Makon jiya sun yi "zafi" da "kar ka taɓa", saboda ɗaya daga cikin yaran ya kusa faɗa wa murhu uwarsa na ta ƙwala masa kira daga bayansa. Matar ɗan'uwana ta ce mini, da hannu, ta san abin da za ta koya musu mako mai zuwa da na bayansa, amma daga nan ba ta san me ya kamata ya biyo ba.